Kalmar "sharp" ta Turanci: wai ma'anarta nawa ne?

Abban_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin Turanci a gidan nan ku taimaka. An ba 'yata aikin gida wai ta kawo jimla biyar da kalmar sharp kuma kowace jimla ma'anarta daban, ni kuma iya abin da na sani sharp shi ne kaifi, wuƙa mai kaifi, reza mai kaifi, shi ke nan. To amma da na zauna na yi tunani sai na ga ai a katin ɗaurin aure ana rubuta 11am sharp, a hanya akwai allo mai cewa sharp bend, magina suna cewa a kawo sharp sand, samarin unguwa kuma in sun ga wani ya iya shige da fice sai su ce wane sharp guy ne. Me ya haɗa ƙarfe sha ɗaya da wuƙa? Ni dai a ganina Turanci ƙarancin kalmomi gare shi, shi ya sa suke ɗora wa kalma ɗaya kaya har ya fi ƙarfinta. Ko ya kuka gani?

Malam_Sani_Ticha:
Wa alaikumus salam Abban Hanifa. Asalin kalmar dai yadda ka faɗa ne, abin da yake yanka ko yake hudawa. Amma ka lura tun daga nan muka raba hanya da su, mu a Hausa wuƙa kaifi gare ta, allura da ƙaya da mashi kuma tsini gare su, ba za ka ji babban mutum ya ce allura mai kaifi ba. Su kuwa Turawa duka biyun sharp suke cewa. Tsohuwar kalma ce sosai, a tsohon Turanci scearp ake rubuta ta, kuma 'yan uwanta suna nan har gobe, Jamusawa na cewa scharf, mutanen Holan na cewa scherp. Sauran ma'anonin duk daga bakin wuƙar nan suka fito. Bakin wuƙa siriri ne, ga inda ya fara ga inda ya ƙare, ba shi da wani faɗi. To duk abin da ya zo farat ɗaya ba a hankali ba, ko yake da iyaka a fili ba dishi-dishi, ko yake ratsa mutum, sai su ce masa sharp. 11am sharp yana nufin sha ɗaya cif, ba saura minti biyar, ba ta gota ba.

Zainab_Zazzau:
Baban Hanifa ka yi haƙuri ban yarda da maganar ƙarancin kalmomin nan ba. Mu fa kalmar ci kaɗai aiki nawa take yi mana? Ka ci tuwo, ka ci jarrabawa, ka ci bashi, ka ci amana, ka ci kasuwa, ka ci zaɓe, ka ci mutunci, wuta ta ci gida, mota ta ci mutum biyar. Ga sha kuma, sha ruwa, sha iska, sha wahala, sha kashi, sha alwashi. Da Bature zai zo ya ce Hausa ba ta da kalmomi saboda ci da sha ai da ranmu ya ɓaci. Kalmar da aka fi yawan amfani da ita ita ce take tara ma'ana, kowane yare haka yake.

Abban_Hanifa:
Malama Zainab na ji misalinki, amma ci da sha aikatau ne, dole su yi yawo. Sharp fa siffa ce. Mu muna da cif na lokaci, tar na hoto, fes na kwalliya, su kuma duk kalma ɗaya.

Injiniya_Bulo:
Bari in shigo ta ɓangaren da na sani tunda an ambaci yashi. Shekaru ina aikin gini, mu a saiti shaf san muke cewa. Yashi ne mai manyan ƙwayoyi, in ka damƙe shi a tafin hannu ka murza za ka ji yana kartarka, kuma in ka watsar hannunka ba ya yin jan datti. Shi ake buga bulo da shi, shi ake zuba kankare da dakin, wato rufin kankare. Dalilin sunan kuwa ƙwayoyinsa suna da kusurwa-kusurwa ba mulmulallu ba ne, shi ya sa suke sarƙe juna siminti ya kama su da kyau. Ɗayan mai laushin shi ne na filasta, in ka yi gangancin zuba dakin da shi ko da yashin da ya haɗu da laka to ka sayi tsagewar gini da kuɗinka. A Kano yawanci daga rafuka irin su Challawa da wajen Wudil tifofi ke ɗebo shi. Duk mai gini in direban tifa ya kawo kaya kar ya juye sai ka hau ka damƙa da hannunka, ko ka zuba kaɗan a gorar ruwa ka girgiza ka ajiye, yashin zai kwanta ƙasa laka ta hau kansa, nan za ka ga gaskiyar abin da aka kawo maka.

Ɗan_Maraɗi:
Injiniya gaskiyarka. Mu nan Nijar mutane suna mamaki, ga rairayi har ba a san iyakarsa ba wajen Agadas amma ba shi ake so wajen kankare ba, saboda iska ta daɗe tana mulmula shi ya yi sumul ya yi laushi da yawa, sai an je gulbi ko ƙorama an ɗebo mai ƙarfi. Game da kalmar kuma, mu da muka yi lakwal (boko) da Faransanci kalmomin a rabe suke kamar na Hausa, wuƙa tranchant, allura pointu, lokaci kuma huit heures pile, takwas cif ke nan. Don haka Abban Hanifa yana da 'yar hujja, Ingilishi ne ya tattara su wuri ɗaya.

Zainab_Zazzau:
Ɗan Maraɗi ai su ma suna da pointed da keen da acute da exact in suna son rarrabewa, ba rashi ba ne ya sa.

Bitrus_Kafanchan:
Ina gaisuwa jama'a. Ni ina kaɗa piyano a ƙungiyar mawaƙan cocinmu, kuma a wurinmu sharp ba ruwanta da yanka. In an ce F sharp ana nufin ka ɗaga sautin F sama da rabin mataki, a kan piyano shi ne baƙin maɓallin da ke dama da farin F ɗin. Kishiyarta a nan flat ce, wato a sauke sautin ƙasa da rabin mataki. Kuma ku ji wani abu, in mai koyar da waƙa ya dubi mawaƙi ya ce masa you are sharp ba yabo ba ne ko kaɗan, yana nufin muryarka ta haura inda ya kamata ta tsaya, kana ɓata wa sauran. Na taɓa ganin wata yarinya sabuwar shiga an faɗa mata haka tana ta murmushi ta ɗauka an ce tana da ƙoƙari, sai da wata babba ta ja ta gefe ta yi mata bayani a hankali.

Khalifa_Kod:
@Bitrus_Kafanchan daga wurinku muka aro namu. Akwai yaren rubuta manhajar kwamfuta da Microsoft ta fitar a shekarar 2000, ana rubuta shi C# amma si shaf ake furtawa, wanda ya jagoranci aikin sunansa Anders Hejlsberg ɗan ƙasar Denmark. Hikimar sunan ita ce tsohon yaren C aka ɗaga shi sama kaɗan yadda ake ɗaga sauti a kiɗa. Alamar kiɗan ta asali ♯ ce, ta ɗan bambanta da # ta waya, amma da yake babu ta a allon rubutu sai aka yi amfani da wadda ke kusa. Ɗalibai da yawa sababbin shiga si hash suke cewa har sai an gyara musu.

Ɗan_Maraɗi:
Khalifa to mu nan wannan alamar ta waya diyez muke ce mata, in za a duba kuɗin waya sai ka ji an ce danna etuwal (*) kaza kaza diyez. Kuma dièse ɗin nan ita ce sunan sharp ta kiɗa a Faransanci. Yau na haɗa su.

Auwal_RedDevil:
Ni duk wannan bayanin ban da abin cewa, amma in aka ce SHARP abin da ke faɗo min a rai jar rigar Man U ce ta 1999, daren da aka ci Bayern 2-1 a Camp Nou ana dab da tashi. Sunan ne ɓaro-ɓaro a ƙirji. Tun 1982 suke ɗaukar nauyin rigar har 2000 kafin Vodafone ta karɓa.

Baba_Mai_Gyaran_TV:
Auwalu ɗana wannan ai kamfanin Japan ne, mu da muka gyara talabijin ɗinsu da rediyo mai kaset tun kuna goye mun san shi. Sunan kuma daga fensir ya samo asali. Wanda ya kafa shi Tokuji Hayakawa ya buɗe ƙaramar maƙera a Tokyo a 1912, a 1915 ya ƙera fensirin ƙarfe irin wanda ake turo bakinsa ba sai an fiƙe ba, aka sa masa suna mai sharp a ciki saboda kullum bakinsa da tsini. Girgizar ƙasar 1923 ta rusa masa masana'anta sai ya koma Osaka ya shiga harkar rediyo, amma sunan fensirin ya bi shi. A 2016 Foxconn ta Taiwan ta sayi mafi yawan hannun jarinsa. A sana'armu kuma in an ce hoto ya yi sharp to ya fito tar, ba yayyafi ba inuwa biyu, akwai ma wurin saita shi a cikin menu kusa da na haske da na kala, in ka ƙure shi fuskar mutum sai ta yi wani zane-zane a gefe, matsakaici ya fi.

Nas_Hauwa:
Salam. Don Allah ku bar ni in yi tsawo kaɗan domin namu ya shafi rai. A asibiti in an ce sharps, da s a ƙarshe, suna ne ba siffa ba, ana nufin duk abin da zai iya huda ko yanka fata bayan an yi aiki da shi, allurar sirinji, rezar tiyata, abin huda yatsa na gwajin suga, fasasshiyar kwalbar allura. Ba a jefa su kwandon shara, akwai kwali na musamman mai kauri yawanci ruwan ɗorawa, a nan ake zuba su, kuma ba a bari ya cika maƙil, in ya kai kashi uku cikin huɗu sai a rufe a kai a ƙone. Ba a kuma mayar wa allura murfinta da hannu biyu bayan an yi wa mutum, a nan ne ma'aikata suka fi soke kansu, kuma ta haka ana iya ɗaukar ciwon hanta ko cuta mai karya garkuwar jiki. Wanda allurar da aka yi wa wani ta soke shi ya wanke wurin da ruwa da sabulu ya garzaya asibiti a ranar, maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki ana so a fara shi da wuri, kar ya wuce awa 72. Masu ciwon suga da ke yi wa kansu allura a gida don Allah ku samu roba mai kauri mai murfi ku riƙa tarawa, kar ku zuba a bola, yaran da ke tsince-tsince da hannu suke tonawa.

Sai na biyu, in likita ya tambaya ciwon sharp ne ko dull, yana son ya san suka yake yi a wuri ɗaya da za ka iya nunawa da ɗan yatsa, ko kuwa nauyi ne da ya bazu. Mu kam a nan Hausa ta wadata, suka daban, sara daban, zugi daban, raɗaɗi daban, murɗa daban. Tsohuwa in ta ce min ƙirjina ke suka in na ja numfashi ta gama ba ni bayani. Matsalar sai in mai fassara ɗan rakiya ne ya dunƙule duka ya ce wa likita she has pain.

Abban_Hanifa:
Allah ya saka da alheri Anti Nas, wannan ya wuce aikin gida ya zama ilimi. Kuma kin ƙara min hujja, dubi kalmomi biyar da kika jero.

Sadiq_Legas:
Ni sharp guy ɗin nan nake so a tsaya a kai don ita ce ta fi ruɗa mutane. A nan Legas in an ce maka sharp guy sai ka kalli fuskar mai maganar kafin ka yi godiya. Wani lokaci ana nufin idonka a buɗe yake ba a cutarka, wani lokaci kuma kai ne macucin. Akwai wani yaro da ya sayar wa abokina waya a cikin kwali a gefen titi, ya kunna masa ita ta yi aiki lafiya, wajen ƙirga kuɗi ya musanya kwalin, da aka zo gida aka buɗe sai guntun tayil a naɗe da takarda. Abin da ya fi ƙona min rai mutanen da muka ba labari cewa suka yi yaron sharp ne, abokina kuma mugu, wato wawa a bakinsu. Ɓarawo ya samu kirari, wanda aka zalunta ya samu zagi.

Ummu_Sultan:
Wallahi Sadiq abin nan yana damuna a tarbiyya. Yaro ya shiga gaban layi ko ya yi satar amsa a jarrabawa sai ka ji babba yana cewa yaron nan sharp ne zai yi nisa. Mu da muka taso wayo daban hankali daban, in an ce yaro ya cika wayo ba daɗi iyayensa ke ji ba.

Malam_Sani_Ticha:
Hajiya Ummu Sultan da Sadiq, a Turancin Ingila da Amurka in an ce yaro sharp ne ko yana da sharp mind yabo ne zalla, kaifin basira ke nan, mai saurin ɗauka. Amma ita ma waccan ma'anar ta ha'inci ba mu muka ƙirƙiro ta ba, tana nan a Turancinsu tuntuni. Sharp practice da kuke gani a jaridu in ana maganar gidajen mai ko 'yan kasuwa ai ita ce, dabarar cuta wadda wataƙila doka ba ta kama mutum kai tsaye ba amma kowa ya san ba gaskiya ba ce, irin tauye mudu da algus. Suna kuma kiran mai maguɗi a caca card sharp. Abin da muka ƙara mu shi ne mayar da ita abin alfahari.

Mustyy_09:
Ni fa ban ga laifin kalmar ba. A ƙasar nan in ba ka zama sharp ba wlh ko layin banki sai an bar ka a baya. Ba cuta nake nufi ba, ka san haƙƙinka ka yi saurin gane inda aka dosa, kar a yi maka sakiyar da ba ruwa.

Ummu_Sultan:
Ƙanina wannan da ka faɗa sunansa wayewa da lura, ba wanda ya ƙi shi. Amma ka san da bakin da ake yabon wannan da shi ake yabon ɗan damfara, yaro ƙarami ina zai bambance?

Mustyy_09:
Yaya ai gida ne zai bambance masa ba kalma ba.

Ustaz_Nura:
Assalamu alaikum. Abin da ya ja hankalina shi ne ba Turawa kaɗai ke aron kaifi su kai shi wani wuri ba. A Larabci ma haka ne, kuma yana cikin Alƙur'ani. A Suratu Ƙaf aya ta 22 an siffanta ganin mutum ranar ƙiyama da hadid, malamanmu na tafsiri suna fassara shi da mai kaifi. A Suratul Ahzab aya ta 19 kuma an ambaci munafukai da harsuna hidad, masu kaifi. Mu ma muna cewa kaifin ido, kaifin harshe, kaifin ƙwaƙwalwa. Har wasa ƙwaƙwalwa da muke cewa ai wasawa ce irin ta wuƙa a kan dutse, a ƙara mata kaifi. Tunda kuma an zo maganar wuƙa, ina tuna mana hadisin Shaddad ɗan Aus da ke cikin Muslim, wanda aka yi umarni mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Lokacin layya za ka ga an kayar da rago sannan ake neman dutsen washi, wannan ba daidai ba ne, a wasa tun kafin a kawo dabbar kuma ba a gabanta ba.

Sarkin_Fawa_Jr:
Allah ya gafarta Malam haka yake. Kuma dakusasshiyar wuƙa ta fi yanke mai ita, don sai ka danna da ƙarfi ta zame ta samu yatsa. Mai kaifi ɗora ta kawai kake yi.

Zainab_Zazzau:
Ga wani abin da na daɗe ina lura da shi. Kishiyar sharp a wuƙa ita ce blunt, dakusasshe. Amma in Bature ya ce mutum blunt ne yana nufin mai faɗar gaskiya gatsau ba kwana-kwana. Mu kuwa mutumin da ba ya magana biyu kaifi ɗaya muke ce masa. Su sun ba shi dakushewa mu mun ba shi kaifi. Shi ya sa fassarar waya take kayar da ɗalibai, ka sa mata kaifi ɗaya ka ga abin da za ta ba ka.

Malam_Sani_Ticha:
Malama Zainab sun yi kusa amma ba ɗaya ba ne. Kaifi ɗaya yana magana ne a kan tsayuwa, in ya ce e to e ɗin ce. Blunt kuma a kan yadda ake furta maganar ne, ba sakayawa ba lallashi. Mutum zai iya zama kaifi ɗaya kuma mai taushin baki.

Zainab_Zazzau:
Malam duk wanda na sani kaifi ɗaya ba ya iya sakaya zance, a wurina tare suke tafiya.

Direba_Ɗanjuma:
Ku gafarce ni in koma kan allon hanya da mai tambaya ya ambata. Sharp bend muguwar kwana ce, wadda take karyewa lokaci ɗaya ba irin mai lanƙwasa a hankali ba. Duk wanda ya bi Hawan Kibo a hanyar Jos ya san abin da nake faɗa. In ka ga allon ka rage gudu tun kafin ka shiga, ba a tsakiyar kwana ake taka birki ba musamman da lodi, kuma ba a wuce mota a wurin. Yaran mota da yawa sun iya tuƙi amma ba wanda ya zaunar da su ya karanta musu allunan nan.

Hajiya_Mai_Abinci:
Mu kuma shaf-shaf muka sani. Kwastoma zai zauna ya ce Hajiya a ba ni indomi da ƙwai shaf-shaf ina sauri. Ta ma zama Hausa yanzu, har tsofaffi na faɗa. Sai dai ni ko ɗinki ko gini in aka ce an yi shi shaf-shaf gabana faɗuwa yake, sauri ya haifi nawa.

Kabiru_Joburg:
Hajiya ki zo Afirka ta Kudu ki ji. Nan sharp sharp ba sauri ba ne sam, gaisuwa ce da sallama da amincewa duk a haɗe. Ka tambayi mutum ya yake ya ce sharp, wato lafiya lau. Kun gama ciniki ya ɗaga babban yatsa ya ce sharp sharp, wato shi ke nan sai an jima. 'Yan Najeriya sababbin zuwa sukan ɗauka korarsu ake yi a ce su yi sauri su tafi, alhali mutumin fatan alheri yake musu.

Fatee_Abj:
Tambaya, abinci mai yaji za a ce masa sharp? Na ji wata ta faɗa a wurin biki.

Malam_Sani_Ticha:
Fatima a Turanci yaji hot ne ko spicy. Sharp a ɗanɗano tsami ne mai tsinkar harshe, irin na lemun tsami ko tsamiya ko ɗanyen mangwaro. Jamusawa ne suke kiran yaji da scharf ɗinsu. Ana kuma faɗarta ga wari mai hawa kai, da iskar hunturu mai ratsa ƙashi, da ƙara mai tsinin da ke shiga kunne. Sai kuma ta labarai, sharp rise, wato tashin gwauron zabo, kamar yadda litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a garuruwa da yawa cikin 'yan kwanaki bayan jawabin cire tallafi na 29 ga Mayun 2023. Da a hankali ya riƙa hawa cikin shekara biyu ba za su ce sharp ba ko da ya kai wannan kuɗin. Abban Hanifa ka gaya wa Hanifa ta kula da wannan, ana cewa prices rose sharply amma ba a cewa 11am sharply, a lokaci sharp ɗin ake bari yadda take kuma bayan lokacin take zuwa.

Soja_Mai_Ritaya:
A bariki in an ce look sharp ana nufin ka yi hanzari ka nutsu, amma a gari in an ce you look sharp kwalliyarka ake yabo, ka fito fes guga har tana ɗaukar ido. Sharpshooter kuma gwanin harbi ne wanda ba ya kuskure. Wasu na cewa daga bindigar Sharps ta Amurka aka samo sunan, wadda Christian Sharps ya ƙera wajen 1848, amma kalmar ta girmi bindigar, Jamusawa ma suna da irinta tun da can.

Ummu_Sultan:
Ni dai a daina rubuta sharp a katin biki in ba za a cika ba. A rubuta 2pm sharp ka bar aikinka ka je ka tarar ko kujeru ba a jera ba, amarya sai bayan magariba. Ranar da aka zo taron da da gaske ake sai mutane su makara saboda an saba musu.

Ustaz_Nura:
Hajiya ɗaurin aure kam yanzu ana cikawa a wurare da yawa, in an ce sha ɗaya to sha ɗaya da minti biyar an shafa fatiha, wanda ya makara sai dai ya yi wa ango murna a waje. Walima da kamu ne har yanzu ba a gyara ba.

Sadiq_Legas:
@Mustyy_09 na koma na karanta abin da ka rubuta, ina ganin ba mu yi nisa da juna ba, amma ni dai ba zan so a kira ɗana sharp guy ba ko da da kyakkyawar niyya ne. A ce masa mai hankali ya ishe ni.

Mustyy_09:
Oga Sadiq in ya girma a Legas ɗin nan da kake, duka biyun zai buƙata. Akwai 'yan Ghana a gidan nan? Ina so in ji ko a Kumasi da Accra ma haka ake amfani da ita ko mu kaɗai ne muka juya ta.